Shin iya maganar hannu ya isa mutum ya zama tafintan kurame?

Malama, kin ce kin tashi tare da ƙaninki kurma kuma kina son sanin takardar da za ki nema domin ki yi aikin tafinta. Abin da kika koya a gida gado ne mai daraja, amma akwai yiwuwar ya bambanta da yaren da ake koyarwa a makarantun kurame na Najeriya, wanda ya samo asali daga na Amurka tun lokacin da Andrew Foster, wani kurma ɗan mishan daga Amurka, ya buɗe makaranta a Ibadan a 1960. Tafintan da zai tsaya a asibiti ko kotu a Kano yana buƙatar duka biyun, domin dattijon da bai shiga makaranta ba maganar hannu ta Hausa kawai yake ji.

Ta fuskar karatu, ki duba Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta masu buƙata ta musamman da ke Oyo, ko sashen ilimi na musamman a Jami'ar Bayero ko ta Jos, sannan ki shiga ƙungiyar tafintocin maganar hannu ta Najeriya, wato ASLIN. Sai dai shaidar malanta daban take da gwanintar tafinta, wadda ke buƙatar sauri da riƙon sirri da rashin ƙara ko rage maganar mutum.

A Amurka ƙungiyar RID mai ba tafintocin kurame shaida na wajabta wa mai riƙe da shaidarta awa 80 na ƙarin horo duk shekara huɗu. Ni a ganina ya dace ki ɗora wa kanki irin wannan ƙa'ida, ki kuma riƙa zama da kurame manya suna gyara miki hannu.