Buzuzu Da Makesu: Wai Da Gaske Dangi Ɗaya Ne?

Tambaya: Salam malam, dan Allah ɗana ne ya dawo daga makaranta yake cewa wai makesu mai haske da dare ɗan'uwan buzuzu ne, ni dai ban yarda ba, ina wannan ina mai tura kashi?

Amsa: Wa'alaikis salam hajiya, toh yaronki ya yi gaskiya fa. Ki kama ko wanne ki duba bayansa, za ki ga fukafukai biyu kamar murfi sun haɗu a tsakiya, na tashin suna naɗe a ƙarƙashi, wannan ce alamar dangin nasu, sai dai murfin makesu ya fi laushi.

Buzuzu inda dabbobi ke kiwo yake bi, yana son ƙasar da zai iya tonawa. Ki tsaya ki kalle shi wata rana, kansa a ƙasa, ƙafafun baya a kan dunƙulen kashin yana turawa da baya da baya, in ya gamu da dutse sai ya hau saman dunƙulen ya juya ya duba sama sannan ya sauko ya ci gaba. Masana sun nuna a 2013, a Afirka ta Kudu, cewa wani nau'insa da farin zanen taurarin nan na sama yake gane hanya da dare. Ya binne dunƙulen, macen ta sa ƙwai a ciki, tsutsar ta fito ta tarar da abinci, ƙasa kuma ta samu taki. Ni wlh ina jin haushin yadda ake raina shi, Ostareliya ma sai da ta shigo da buzuzun Afirka don kashin shanu ya rufe musu makiyaya, ƙuda suka yi yawa.

Makesu kuwa wurin danshi yake so, bakin rafi, fadama, ciyawa mai raɓa. Hasken cikinsa sinadari ne ke haɗuwa da iska, ba ya zafi, neman juna namiji da mace suke da shi. Tsutsarsa mafarauciya ce, dodon koɗi da tana take ci, kuma yana tsutsar yake cinye yawancin rayuwarsa, in ya yi fukafuki makonni kaɗan ne suka rage. Shi ya sa inda aka cike fadama aka sa fitilu ko'ina za ki ga sun ɓace.