Ku Tambayi Anti: Ina Zan Samu Labaran Mata Masu Takobi Da Masu Sihiri?

Tambaya: Assalamu alaikum Anti, da fatan kina lafiya. Ni dai ina son karanta labaran almara na turanci, irin na yaƙi da dodanni da matsafa ɗin nan, amma abin da ke ba ni haushi kusan duk wanda na ɗauka namiji ne jarumin, macen kuwa ko an sace ta tana kuka tana jiran mai ceto, ko kuma ita ce tukuicin da za a ba shi a ƙarshe. Yayana ya ce wai mace mai takobi sabon yayi ne da 'yan fim suka ƙirƙiro kwanan nan. Dan Allah akwai littattafan gajerun labarai da mata ne jaruman ciki? Dogaye ba na samun lokacinsu saboda karatu. Daga wata ɗaliba.

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata. Ki gaishe min da yayan naki, ki ce masa Anti ta ce wannan "sabon yayin" nasa ya girmi kakarsa ma wataƙila. Tun a shekarar 1934 wata marubuciya 'yar Amurka, C. L. Moore, ta fitar da labarin Jirel ta Joiry a mujallar Weird Tales, mace mai jan gashi da ke mulkin gidan sarautarta a wata ƙagaggiyar Faransa ta zamanin da, ita ke saka sulke ta ja rundunarta da kanta. Shekara biyu kacal ke nan bayan fitowar Conan, gwarzon da ake ganin shi ne uban wannan salon rubutu.

Amma fa kukan da kike yi gaskiya ne, kuma ba ke kika fara yinsa ba, shi ne ma ya haifi littattafan da kike nema. A 1979 Jessica Amanda Salmonson ta tattara gajerun labaran marubuta daban-daban ta fitar da kundi mai suna Amazons! a kamfanin buga littattafai na DAW, duk labaran mata mayaƙa ne, kuma a 1980 ya ci kyautar World Fantasy. Kashi na biyu ya biyo baya a 1982. Sai kuma babban cikinsu, Sword and Sorceress, wato takobi da matsafiya, wanda Marion Zimmer Bradley ta fara a 1984, shi ma a DAW. Hujjarta kusan kalmominki ce, ta gaji da ganin mace a matsayin ganimar yaƙi. Sharaɗin shiga kundin shi ne mace ce za ta ja ragamar labarin, ko da takobi ko da sihiri, amma ba a hana maza rubutawa ba. Bayan rasuwar Bradley a 1999 abin bai tsaya ba, Diana L. Paxson ta yi editan kundi na 21, sannan Elisabeth Waters ta ɗauka ta kai shi har kundi na 34 a 2019. Kinga ko kullum labari ɗaya za ki karanta kafin barci, kin samu aikin shekara da wani abu.

In da ni ce ke, da Charles R. Saunders zan fara. Baƙar fata ne ɗan Amurka da ya koma Kanada da zama, ya rasu a 2020, kuma shi ya ƙirƙiri jaruma Dossouye wadda ya gina ta a kan matan nan mayaƙan masarautar Dahomey, inda Jamhuriyar Benin take yanzu, matan da suka gwabza da sojojin Faransa a 1890 da 1892. Dossouye ba doki take hawa ba, bijimin yaƙi ne da ita mai suna Gbo, kuma wallahi wannan kaɗai ya isa ya sa mutum ya gyara zama. Labarinta na farko yana cikin Amazons!, wani kuma yana cikin Sword and Sorceress na farko. Daga baya Saunders da Milton Davis sun haɗa wani kundi a 2013, Griots: Sisters of the Spear, shi gaba ɗaya duniyar labaran a kan Afirka aka gina ta.

In kuma dariya kike so, akwai Chicks in Chainmail na Esther Friesner, 1995, wanda zolaya ce ake yi wa masu zanen bangon littafi da ke ba jaruma sulken da bai kai girman hankici ba su ce wai ta shirya yaƙi. Ni dai kaɗan-kaɗan nake iya karanta shi, barkwancin yakan ishe ni in ya yi yawa.

Abu ɗaya da ba zan ɓoye miki ba tunda ko ban faɗa ba za ki ci karo da shi a intanet: a 2014 'yar Bradley ta fito ta zarge ta da cin zarafinta tun tana yarinya, tsohon mijin Bradley ɗin kuma a kurkuku ya mutu a 1993 bisa laifin lalata da yara. Masu karatu da yawa sun daina taɓa littattafanta saboda wannan, kuma ban ga laifinsu ba. Labaran cikin kundin dai na wasu marubuta ne masu ɗimbin yawa, wasunsu nan ne aka fara buga musu rubutu a rayuwarsu. Ke za ki yanke wa kanki hukunci.

Tambaya: Anti barka da aiki. Na gwada rubuta gajeren labarin wata jaruma mai yaƙi da matsafa, da na ba ƙawata ta karanta sai ta ce min wai namiji ne kawai na saka wa sunan mace. Abin ya yi min zafi amma da na sake dubawa sai na ga kamar da gaskiyarta. Me zan gyara? Daga mai son zama marubuciya.

Amsa: Ki riƙe wannan ƙawar taki da kyau 'yar uwa, irinta ba su da yawa. Ban ga labarin ba amma zan iya cankar matsalar, don ita ce matsalar rabin labaran da ke cikin kundayen da na lissafa a sama, eh har da waɗanda aka buga. Marubuci ya ɗauka in ya damƙa wa mace takobi ta sare kan mutum goma shi ke nan ya gama aiki, alhali mai karatu bai san me ya fito da ita daga gida ba, wa ta bari a baya, me za ta rasa in ta ci nasara. Maganin kuma ba wai ki sa ta kuka ko ki nemo mata saurayi ba ne.

Dubi Tarma da Kethry na Mercedes Lackey, waɗanda suka fara bayyana a Sword and Sorceress na 3 a 1986. Tarma mayaƙiya ce da 'yan fashi suka ƙarar da danginta kaf, ta yi rantsuwa ga abar bautarsu don ta samu ƙarfin ɗaukar fansa, kuma rantsuwar ta ci mata abubuwa da yawa na rayuwa da ba za ta sake samu ba. Kethry matsafiya ce da ta gudo daga auren dole, tana ɗauke da wani takobi mai suna Need wanda ke tilasta mata ta je ta taimaki duk macen da ke cikin bala'i, ko tana so ko ba ta so, ko da kuɗi ko babu, kuma su biyun sojojin haya ne da abincinsu ya dogara da a biya su. Kin ga inda labari yake fitowa? Makamin da ke kare ta shi ne kuma ke jefa su cikin wahala da yunwa, ga rigimar mutum biyu masu hali daban da dole su zauna tare. Abotar nan tasu ita ta sa mutane suka yi ta neman ƙari har aka haɗa labaran aka yi littafi a 1988.

Sihirin ma haka yake. In matsafiyarki za ta ɗaga hannu kawai ta ƙone runduna ba tare da ya ci mata komai ba, to babu fargaba, kuma gajeren labari ba shi da filin da za ki ɓoye wannan raunin kamar yadda dogon littafi ke ɓoyewa da yawan shafuka. Ki sa masa iyaka tun a shafin farko, ko yana cin ƙarfin jikinta, ko sau ɗaya yake aiki, ko akwai wanda za ta biya bashi daga baya.

Sai gargaɗi ɗaya. Kar ki ce dole sai an yi wa jarumarki fyaɗe kafin ta samu dalilin ɗaukar makami. An tattake wannan hanyar har ta zama turba, editocin irin waɗannan kundaye sun daɗe suna ƙorafin yawan labaran da ake turo musu a kai. Mace na iya yaƙi saboda gado, ko bashi, ko alkawari, ko kishin sarauta, ko don kawai sana'ar da ta iya ke nan. Ki gyara ki turo min, zan duba.

Tambaya: Anti, dole ne sai na bi kundayen nan a jere daga na 1? Daga wani mai karatu.

Amsa: A'a malam, kowane labari da kansa yake tsaye, duk wanda ya faɗo hannunka ka fara da shi. Tsofaffin na DAW sai dai a wajen masu sayar da littattafan hannu, na baya-bayan nan kuwa an fi samunsu a waya. Sai dai in Tarma da Kethry kake bi, to nemi na 3 tukuna don a nan suka haɗu.