In Fara Shiri Tun Yanzu, Ko In Jira Magana Ta Zo Mini?

Wani Alhaji mai saye da ajiyar albasa a Tawa ya aiko mini da tambaya. Ya daɗe yana saye a hannun manoman Galmi da Tsarnawa, ya zuba a rudu, wato rumbun ajiyar albasa, in ta yi kuɗi ya loda zuwa Gana. Bana yana neman rancen sefa miliyan 5, banki kuma ya sa masa rana nan da mako uku ya je ya yi bayani. Ya ce: "Ni Allah Ya hore mini baki. In na tsaya gaban mutane magana zuwa take yi, in kuwa na shirya ta sai in riƙa inda-inda kamar ɗan makaranta. Ɗana yana ta matsa mini in zauna mu rubuta. In bi tasa, ko in bari sai ranar?"

Alhaji, ka bi ta yaron, yau ma ba gobe ba. Amma kai ma akwai inda ka yi gaskiya, zan zo kansa.

Bakin da kake taƙama da shi na yarda da shi. Wanda ya saba ciniki da dillalan Galmi da matan kasuwar Kumasi ba za a koya masa magana ba. Sai dai ka tambayi kanka me ya sa magana take zuwa maka a kasuwa. Ai saboda ka san kayan ne. Kana ɗaga albasa ɗaya ka matsa wuyanta, ka san ko ta sha taki da yawa, ka san ko za ta kai kaka ko damina za ta cinye ta. Shekaru ne suka yi maka wannan shirin ba ka lura ba. A banki kuwa ba albasa za a aza maka a gaba ba. Mutum ne da biro da takarda, tambayarsa kuma ba ta wuce uku: nawa kake so, me za ka yi da su, yaushe kuma daga ina za su dawo. Amsarsu lissafi ne, shi kuwa lissafi ba ya faɗo wa mutum a tsaye.

Bari in gwada maka da misali, ka sa naka alƙaluman a madadin nawa. A ce ka sayi buhu 500 a watan Afrilu, lokacin da kasuwa ta cika ta batse, kowane buhu jaka 10, wato sefa dubu 10. Miliyan 5 ke nan. A ce kafin Oktoba ruɓewa da ƙanƙancewa sun ci buhu 100, saura 400. Gyaran rudu, mai gadi, masu tsince ruɓaɓɓu, buhunan banza, 'yan dako, kuɗin mota, duwan, la'adar dillali, a ce duka sun tashi miliyan 2. To ka kashe miliyan 7 a kan buhu 400. In ka sayar a jaka 22 ka tashi da miliyan 8 da jaka 800, ka ci riba. In kasuwa ta tsaya a jaka 17, ka faɗi tun kafin banki ya karɓi nasa. Iyakarka, wato farashin da in ka sayar ƙasa da shi ka faɗi, ita ce jaka 17 da rabi. Wannan lambar ita ma'aikacin banki yake son ji daga bakinka, kuma ina tabbatar maka yawancin masu zuwa wurinsu ba su san tasu ba. Kai kuma da kake sayarwa da sidi, kuɗin Gana, ka dawo da sefa, sai ka ƙara da abin da canji yake ci.

Na taɓa raka wani mai sayen hatsi irin wannan zama a nan Yamai. Mutum ne mai daɗin baki, ya yi minti goma yana bayani har ma'aikacin yana gyaɗa kai. Sai aka tambaye shi buhu nawa ya yi asara bara. Ya yi shiru, ya cire hula ya mayar, ya laluba aljihu ya fito da wani ɗan littafi da ya sha maiƙo, yana ta buɗe shafi yana lasar yatsa. Lambar tana ciki, amma tana warwatse a wuri shida. Aka ce ya je ya dawo. Kafin ya dawo kaka ta wuce, gero ya tashi. Har yau abin yana yi mini ciwo, don mutumin kirki ne kuma kasuwancinsa lafiya lau yake, kwana biyu na zama da littafin nan kawai ya rasa.

Ga kuma takardu, waɗanda ba ruwansu da basirarka. Lambar haraji ta NIF, rajistar kasuwanci ta RCCM, takardar gida ko fili in jingina za ka bayar, bayanin shige da ficen asusunka. Kowace tana hannun wani ofishi, kowane ofishi da ranar da za a ce maka mai sa hannu ba ya nan. Ko da yake a 2025 an ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa, takardun banki da Faransanci ake cika su, don haka yaron nan naka yana bukatar lokaci ya karanta maka su layi-layi. Ba a fafe gora ranar tafiya. In kuma maganar kuɗin ruwa tana damunka, yanzu ne lokacin zuwa ka ji tsarin bankin Musulunci, tun ba ka zauna gaban takardar sa hannu ba.

Akwai abu ɗaya da sai mai shiri da wuri yake ganowa, kuma ya fi komai muhimmanci a harkarka. Kuɗin albasar ajiya ba sa dawowa wata-wata. Suna kwance a rudu wata biyar ko shida, sannan su fito gaba ɗaya. In ka karɓi rancen da za a fara cire maka daga wata na farko, dole ka fasa rudu ka sayar da arha don ka biya, ribar da ka je nema ta tafi. Ka roƙi a ɗaga maka biya zuwa lokacin sayarwa, ka nuna musu dalili a rubuce. Irin wannan dabara tana zuwa ne kana tsakiyar lissafi, ko washegari kana alwalar asuba bayan ka kwana da abin a ranka. Wanda bai fara ba, ba abin da zai kwana da shi.

Yanzu ga inda ka yi gaskiya: kada ka haddace jawabi. Wanda ya haddace, ana katse shi da tambaya ɗaya sai zaren ya tsinke. Shafi ɗaya ya ishe ka, mai ɗauke da abin da ka saya da abin da ka sayar a shekara uku da suka wuce, har da shekarar da ka faɗi. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, kuma sun san babu mai ajiyar albasa da bai taɓa kwasar ruɓaɓɓiya da hannunsa ba. Faɗin asarar da abin da ka gyara bayanta ya fi ɓoye ta sa a yarda da kai.

Makon farko ka ba takardu da lissafi. A na biyu ka samu abokinka mai tsaurin ido, irin wanda ba ya jin kunyarka, ya zauna a matsayin ma'aikacin banki ya yi ta yi maka tambaya, yaron yana rubuta duk inda ka yi tuntuɓe. Kwanakin ƙarshe ka bar abin ya huta, ka koma harkarka. Ranar kuma ka yi maganarka yadda ka saba, da Hausarka ta Adar.

Daren nan bayan isha'i ka sa yaron ya ɗauko littattafan bara. Ku fara da buhu nawa suka shiga rudu, nawa suka fito. In kun samu lambar iyakarka ka aiko mini, mu duba ko miliyan 5 ɗin ma ya kamata ka nema ko ƙasa da haka. Allah Ya sa albarka.