Tambayi Likita: Bugun zuciyar matasa

Tambaya: Likita, barka da aiki. 'Yata mai shekara 14 bugun zuciyarta 88 ne a minti ɗaya tana zaune, na yayanta mai shekara 17 kuma 64. Ko ciwon zuciya gare ta? (Wata uwa, Zariya)

Amsa: Hajiya, ki kwantar da hankalinki, dukansu lafiya lau. Daga shekara 13 zuwa 18, bugu 60 zuwa 100 ake tsammani idan ana hutawa. Na sabon jariri yakan kai 100 zuwa 160, sai ya riƙa sauka yayin da zuciya ke girma tana tura jini mai yawa a bugu guda. Bayan balaga, na 'yan mata yakan ɗan ɗara na maza.

Abin da na fi so ki sa wa ido shi ne jininta. Yarinyar da ta fara al'ada tana iya yin ƙarancin jini, zuciya kuma sai ta ƙara sauri don ta cike giɓin. In kin ga yawan kasala, jiri, ko cikin idonta ya yi fari, a kai ta a auna jini. Gwajin ba shi da wuya, kuma ina takaicin yadda ake barin 'yan mata da wannan matsala har ta yi nisa.

Tambaya: Shekarata 16, kullum ina buga ƙwallo. Bugun zuciyata 52 ne, abokaina sun ce ya yi ƙasa. (Wani ɗalibi, Maraɗi)

Amsa: Ɗana, zuciyar da ta saba da motsa jiki haka take, ƙarfi ne ba rauni ba. Amma idan ka taɓa suma a fili, ko ƙirjinka na ciwo in kana gudu, ko wani a danginku ya rasu farat ɗaya yana matashi, ka dakatar da ƙwallo har a yi maka gwajin ECG, wato gwajin da ke nuna yadda zuciya ke bugawa.

Tambaya: Yaushe ya fi dacewa a ƙirga? (Wani uba, Kano)

Amsa: Malam, da safe kafin yaro ya tashi daga shimfiɗa. Ka ɗora yatsu biyu a wuyan hannunsa ta ɓangaren babban yatsa, ka ƙirga na daƙiƙa 30, ka ninka biyu. Zazzaɓi, ƙishirwa, fargabar jarrabawa, shayi mai kauri da lemon ƙara kuzari duk suna ɗaga shi. Idan ya wuce 100 kwana da kwanaki ba tare da ɗayan waɗannan ba, a je asibiti.