Me ya hana 'yantattun bayin Misisipi tsayawa da ƙafafunsu?

Malam, ka tambayi dalilin da ya sa baƙaƙen fatar jihar Misisipi ta Amurka suka dawwama cikin talauci bayan an soke bauta a 1865. Babban dalili shi ne gona: an 'yanta su hannu rabbana.

A Nuwambar 1865 majalisar jihar ta hana su hayar gona a karkara, ta kuma wajabta musu takardar shaidar aiki kowace Janairu. Wanda ba shi da ita, a ci shi tara a matsayin ɗan zaman banza. In ya kasa biya, a miƙa shi ga wanda ya biya, ya yi masa aiki.

An soke waɗannan dokoki, sai noman raba-daidai ya maye gurbinsu. Mai gona ya ba da fili, alfadari da iri, ya kwashi rabin audugar. Abinci da sutura kuwa bashi ne da kuɗin ruwa mai tsanani, kuma littafin lissafi yana hannun mai gona. Manomin da aka hana shi karatu lokacin bauta, ta yaya zai gane an cuce shi? Kaka ta zo, bashin ya haura rabonsa, ya tsallaka baɗi.

A 1890 kundin tsarin mulkin jihar ya ƙaƙaba harajin dala 2 da jarrabawar karatu kafin zaɓe, aka raba mafi yawansu da ƙuri'a.