Gwiwar Hajiya tana ƙara tana kumbura: me ya kamata mu yi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Mahaifiyata shekararta 58, muna zaune a Tudun Wada, Zariya. Kusan shekara biyu ke nan tana fama da ciwon gwiwa, musamman ta dama. In za ta tashi sai ta dafa, gwiwar tana ƙara, wani lokaci ta kumbura. Sujada da zaman tahiya sun fara gagarar ta. Tana da jiki, tana kuma da hawan jini. A kyamis ake haɗa mata magani a ƙulle a leda. In ta sha ta ji sauƙi, in ya ƙare ciwo ya dawo. Kwanan nan mun ga fuskarta ta cika. Wasu sun ce a kira wanzami ya yi tsaga. Ina neman shawara.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ba Hajiya lafiya, ya saka maka da alheri.

Abin da ya fi damun mu a bayaninka shi ne maganin ledar nan, fiye da gwiwar ma. Irin wannan haɗi sau da yawa akwai dexamethasone ko prednisolone a ciki, tare da diclofenac ko piroxicam ko ibuprofen, wani lokaci biyu daga cikinsu a ƙulli ɗaya. Na farkon su ne ke sa fuska ta cika idan an daɗe ana sha, su ɗaga sukari da hawan jini, su sa ƙashi ya yi rauni. Na biyun kuma suna cin ciki har ya yi gyambo, suna taɓa ƙoda, suna rage ƙarfin maganin hawan jini. Amma kada ta yanke shi rana ɗaya. Wanda ya yi makonni yana shan dexamethasone, jikinsa yakan rage samar da sinadari irin wannan da ya saba yi da kansa, in aka tsayar kwatsam sai kasala da amai da faɗuwar jini su biyo baya, kuma hakan na iya kaiwa ga rasa rai. A ɗauki ledar yadda take a kai wa likita a cikin makon nan, a tambayi mai kyamis sunan kowace ƙwaya a rubuta, likita ne zai tsara yadda za a rage a hankali. A auna mata jini da sukari da aikin ƙoda. In ta ga bahayarta ta yi baƙi ƙirin, ko ta yi aman jini, wannan na gaggawa ne.

Ita gwiwar, bayaninka ya yi daidai da zaizayewar gaɓa, nau'in sanyin ƙashi da ya fi yawa ga waɗanda suka haura 45. A kan ƙasusuwan da suka haɗu a gwiwa akwai guringuntsi mai santsi. Da shekaru da nauyin jiki da tsohon rauni, sai ya riƙa cinyewa, galibi ta ɓangaren ciki, kamar takalmin da dugadugansa suka cinye ta gefe guda. Ƙashin da ke ƙasa ya yi kauri, ya fito da 'yan ƙahoni a gefe, fatar da ke lulluɓe da gaɓar ta ciki ta riƙa tara ruwa lokaci-lokaci. Ƙarar da kuke ji da kumburin da ke zuwa ya tafi daga nan suke. Sanyin hunturu yakan ƙara wa mutane da yawa jin ciwon, amma ba shi ya kawo cutar ba.

Likita zai fara da tambaya, kuma amsar Hajiya ta fi hoton ƙashi amfani. Zai so ya ji ko ciwon yana ƙaruwa da tafiya da hawa matakala ya lafa da hutu, da kuma tsawon lokacin da gwiwar ke sanƙarewa da asuba. A zaizayewar gaɓa, sanƙarewar ba ta wuce minti 30. In tana kai awa ɗaya ko fiye, ga kumburi a yatsun hannu biyu da wuyan hannu, to wata cuta ce ta daban wadda garkuwar jiki ke afka wa gaɓoɓi, maganinta ma daban. Daga nan zai kalli tafiyarta, ya tsayar da ita ya ga ko gwiwoyin suna nesa da juna in ta haɗa idon sawu. Zai kwantar da ita ya gwada cinyoyin biyu, domin ta ɓangaren ciwon takan rame. Zai taɓa da bayan hannu ya ji ɗumi, ya matso ruwan daga saman gwiwa ya danna ƙoƙon ya ji ko yana shawagi, ya lanƙwasa ya miƙe ya ga iyakar da take kaiwa. Wajibi ne kuma ya juya ƙugu ya duba baya, saboda ciwon ƙugu yakan sauko ya bayyana a gwiwa, a yi ta shafa wa gwiwa magani alhali matsalar tana sama.

In za a ɗauki hoton ƙashi, a ɗauka tana tsaye. A kwance, tazarar da ke tsakanin ƙasusuwan takan fito da faɗi fiye da yadda take in nauyi ya hau. Kada kuma hoton ya tsorata ku: akwai mai mummunan hoto yana zuwa kasuwa da ƙafarsa, akwai mai ɗan canji kaɗan yana kwana da ciwo.

Akwai halin da ba a jira. Gwiwa ta kumbura cikin kwana ɗaya ko biyu, ta yi zafi, ga zazzaɓi, ba ta taɓuwa ba ta takuwa: ana zaton ƙwayar cuta ta shiga gaɓar, kuma tana iya lalata guringuntsi cikin kwanaki. A tafi asibiti a ranar. Masu ciwon sukari da masu sikila da masu shan dexamethasone sun fi shiga wannan haɗari. Dalilin da ya sa muke cewa a bar maganar tsaga ke nan. Ruwan yana can cikin gaɓa, aska ba ta kai gare shi, sai dai ta buɗe wa ƙwayar cuta hanya. Haka ma ciwon da ke hana barci kullum tare da rama, ko kasa taka ƙafa bayan faɗuwa, a duba su da wuri.

Guringuntsin da ya cinye babu ƙwayar da ke mayar da shi, ko nawa aka sayar da ita. Amma ciwon yana raguwa sosai, kuma abin da ya fi rage shi kyauta ne: ƙarfafa naman gaban cinya. Mai ciwon gwiwa yakan daina motsi, cinya ta saki, gwiwa ta rasa mai tallafa mata, ciwo ya ƙaru, shi kuma ya ƙara zama. Wannan zagayen ake so a karya.

Ta zauna a kan gado ƙafa a miƙe, a naɗe tawul a sa ƙarƙashin gwiwa. Ta danna bayan gwiwar a kan tawul ɗin har naman cinya ya ɗaure, ta ƙirga biyar a hankali, ta saki. Sau 10. Sai ta kwanta rigingine, ta tanƙwashe ƙafa ɗaya, ta ɗaga ɗayar a miƙe kamar taƙi ɗaya daga katifa, ta riƙe ta ƙirga biyar, ta sauke a hankali. Saukewar ita ce aikin, kada ta sake ta ta faɗi. Sau 10 kowace ƙafa. Na uku, ta zauna a kujera mai tsayi mai ƙarfi, ta tashi ta zauna sau 5 zuwa 10, da farko tana dafawa, daga baya hannu a ƙirji. A yi safe da yamma. In an ɗaura shi da bayan sallar asuba da bayan la'asar ba a mantawa. A haɗa da tafiya a fili, minti 10 da farko, ana ƙarawa har 30. Ɗan ciwo lokacin motsa jikin ba laifi ba ne. In ya kai washegari ko gwiwa ta kumbura, a rage yawan, kada a daina. Sai an yi mako 6 zuwa 12 ake ganin bambanci, kuma mutane da yawa tun kafin lokacin suke ajiyewa su ce bai yi ba. A nan ne aikinka yake, Malam: a samu wata a gida ta riƙa yi tare da ita.

Nauyi kuma, kowane kilo ɗaya da aka sauke yana rage wa gwiwa kusan kilo huɗu a kowane taku. Mai kilo 90 in ta rage 5 zuwa 9 za ta ji a jikinta. A rage malmalar tuwo da shinkafa da mai da lemon kwalba da sukarin shayi da na fura, a ƙara zogale da alayyafo da wake.

A gida, tsuguno da zama a ƙasa ko a kujera 'yar tsugunno su ne ke matse gwiwa. A sama mata kujerar bayi da ake ɗorawa kan masai, a ɗaga mata wurin alwala da wurin girki. Sanda a hannun da ke kishiyar ƙafar ciwo ake riƙe ta, wato hagu ga Hajiya. A matakala, mai lafiya ce ke fara hawa, mai ciwo ce ke fara sauka. Game da salla, hadisin Imrana ɗan Husaini a Buhari ya ba wanda bai iya tsayuwa ba damar yi a zaune. A tambayi malami yadda za ta yi da kujera.

Na magani, a fara da na shafawa: diclofenac na shafawa sau 3 zuwa 4 a rana a kan fata mai lafiya, domin kaɗan ne ke shiga jini. Paracetamol mai 500, ƙwaya biyu, kada a wuce takwas a awa 24. Na sha irin su ibuprofen, ga mai hawan jini, sai likita ya duba ƙoda, ya ba da na 'yan kwanaki tare da maganin kare ciki. Gashi da ruwan ɗumi minti 15 yana sassauta sanƙarewa. In gwiwa ta kumbura bayan aiki, ƙanƙara a naɗe a tsumma ta fi. Allurar cikin gaɓa tana ba da sauƙin 'yan makonni, a asibiti kaɗai ake yin ta, ba a wuce uku ko huɗu a shekara.

Ku fara da Asibitin Gambo Sawaba a Ƙofar Gayan ko asibitin da take karɓar maganin hawan jini. In da bukata za a tura ku sashen ƙashi da na gashin ƙashi a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika. In an yi wata shida ana bin duk wannan amma ciwo yana hana ta barci ko zagayawa cikin gida, sai a zauna da likitan ƙashi a kan aikin sauya gwiwa. Akwai kuma Asibitin Ƙashi na Dala a Kano. Ranar zuwa, ku tafi da ledar maganin da katin hawan jininta, ta sa tufafin da za a iya ɗagawa har cinya.