Amsa ga mai tambayar had-dis ɗin da zai saka a kwamfutar da yake haɗawa

Salamu alaikum. Ɗan'uwa na ga tambayarka tun jiya da daddare bacci ne ya kwashe ni. Kace kana haɗa kwamfutar tebur da kanka, madabod da furosesa da ram duk sun shigo hannu, aikinka haɗa bidiyon biki da ɗan buga gem idan an samu sarari, saura ma'ajiya, kuma kuɗin da ya rage maka abu ɗaya zai saya, ko had-dis mai tera 2 (wato giga 2000) ko SSD, ma'ajiyar zamani mai sauri, mai giga 500. Na ga wasu sun ce ka ɗauki mai tera 2 kawai tunda ya fi girma. To ni dai da kuɗina ne SSD ɗin zan fara saya, had-dis ya biyo baya ko da bayan wata biyu ne, bari kaji dalili.

Had-dis faranti ne a ciki yana juyawa, wani sau 5400 a minti wani 7200, da wata 'yar allura da take zirga-zirga a kansa tana neman abin da ka kira. Yawanci gudunsa wajen mega 200 ne a sakan, kuma wannan ma idan babban fayil ɗaya yake karantawa a jere ne. Shi kuwa Windows ƙananan fayiloli dubbai yake taɓawa a warwatse, shi yasa zaka ga mutum ya haɗa kwamfuta mai tsada amma idan ya kunna ta sai ya je ya yi alwala ya dawo bata gama tashi ba, ya buɗe Task Manager ya ga disk ya maƙale a 100%, sai ya fara zagin furosesa alhali babu ruwanta. SSD ba abin da yake motsi a cikinsa. Na SATA, wato mai jonuwa ta irin hanyar da had-dis yake jonuwa, yana kai wajen mega 550 a sakan, NVMe, wato siririn da ake sokawa a jikin madabod, na ƙarni na 3 wajen 3500, na ƙarni na 4 har 7000. Amma kar lambobin nan su ruɗe ka, tsallaken da zaka ji a jikinka shi ne daga had-dis zuwa kowane irin SSD, daga SATA zuwa NVMe kuwa sai wajen kwafar manyan fayiloli zaka lura sosai. Idan farashinsu ya yi kusa ka ɗauki NVMe, idan da tazara na SATA ma ya ishe ka.

Kafin ka biya kuɗi ka buɗe littafin madabod ɗinka ka duba ramin M.2, wato inda ake soka siririn SSD, don ba duka ne iri ɗaya ba, wani NVMe kaɗai yake karɓa wani yana karɓar NVMe da SATA duka, sannan akwai madabod ɗin da kana soka abu a M.2 zai kashe maka ramin SATA ɗaya ko biyu. Na taɓa kwana ina canja kebul ina tunanin had-dis ɗina ya mutu ashe wannan ne kawai, layi ɗaya a littafin da na jefar cikin kwali. Girman SSD na M.2 da aka fi samu shi ne wanda ake kira 2280, kuma ka tabbata ɗan sukurun da ake ɗaure shi yana nan, yawanci tare da madabod yake zuwa ba tare da SSD ba, ƙarami ne kamar ƙwayar dawa yana faɗuwa ƙasa shikenan.

Yanzu maganar wuri, tunda nasan ita ce take damunka. Giga 500 idan ka saka zaka ga 465 ne, tera 1 kuma 931, ba cuta aka yi maka ba bambancin lissafi ne tsakanin kamfani da Windows. Kyamarar da take ɗaukar 4K a megabit 100 tana cin wajen giga 45 a awa ɗaya, kaga biki ɗaya da kamu da ɗaurin aure da dina idan kyamara biyu ce zai iya cinye maka rabin SSD ɗin. Don haka tsarin da nake yi shi ne Windows da manhajoji da aikin da nake kai yanzu suna kan SSD, ina gamawa in kwashe in tura had-dis. Kar ka bari SSD ya cika maƙil, ka bar masa ko kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari ya rinƙa numfashi, in ba haka ba zai fara ja da baya. Idan zaka iya ƙara haƙuri ka cika kuɗi ka ɗauki tera 1 wallahi ya fi, nan gaba zaka gode min.

Sai had-dis ɗin idan lokacinsa ya zo, nan ne mutane suke faɗawa rami. Had-dis iri biyu ne wajen yadda yake rubutu, akwai CMR mai layukan rubutu kowanne a ware, akwai SMR, kuma yawanci ba a rubutawa a jikin sitika. SMR layukan rubutun ne aka ɗora wani kan gefen wani kamar yadda ake jera kwanon rufi, don a samu wuri da yawa da araha, to idan zai sake rubutu a layi ɗaya sai ya taɓa na kusa da shi ya sake rubuta su. Zaka fara kwafar giga 200 yana gudu lafiya, can tsakiya sai ya zube ya koma kamar tsohuwar filashi. A 2020 an yi hayaniya sosai a kan wannan da aka gano kamfanonin WD da Seagate da Toshiba suna sayar da SMR ba tare da sun bayyana ba, har WD suka fito da Red Plus a matsayin layin CMR. Yawancin Barracuda na Seagate masu tera 2 zuwa 8 SMR ne, WD Blue kuma gauraye ne ya danganta da lambar samfurin. Ba wai SMR ba shi da amfani bane, idan zuba abu zaka yi ka manta da shi ya yi, amma mai bidiyo da kullum yana zubawa yana gogewa gara CMR. Ka ɗauki lambar da take jikin sitikar ka bincika a shafin kamfanin kafin ka zaro kuɗi, minti biyu ne. WD Purple da SkyHawk kuma na kyamarorin tsaro ne, suna aiki a kwamfuta amma idan ka gansu na hannu da araha ka san daga ina suka fito, sun shekara suna rubutu dare da rana ba hutu.

Abin da ya kawo ni maganar na hannu kenan. Shekarun baya na sayi wani mai tera 2 a wani shago, yana cikin leda fes sitika tana sheƙi, mai shagon ya rantse min sabo ne kwali kawai ya lalace a hanya. Ban gwada ba na zuba aikin mutane. Bayan 'yan watanni ya fara wata ƙara ƙas ƙas ƙas, fayil ya ƙi buɗuwa, da na saka CrystalDiskInfo, manhajar duba lafiyar ma'ajiya, sai ga shi ya yi aikin sama da awa 30,000, shekara guda fa awa 8,760 ce, lissafa ka gani. Bidiyon walimar wasu bayin Allah ya tafi a ciki, har yau idan na haɗu da angon a masallaci sunkuyar da kai nake yi. Tun daga ranar duk wanda zan saya sai an jona shi a gabana, in duba awannin aiki, in duba ko manhajar ta nuna shuɗi, alamar lafiya, ko rawaya, alamar matsala, rawaya ko kyauta ce bana so. Su ma lambobin ana iya goge su a mayar sifili, don haka ka karɓi rasit ka yi sharaɗin mayarwa, ka je gida ka cika shi da kaya ka gani. SSD ma akwai na jabu, musamman masu sunan da baka taɓa ji ba an rubuta tera 2 da kuɗin giga 256, ka gwada da manhajar H2testw zata tona asirinsa. Ni Samsung 870 EVO da Crucial MX500 na fi amfani da su a SATA, WD SN770 a NVMe, basu bani matsala ba. Masu tsoron wai SSD yana ƙarewa, 870 EVO mai tera 1 kamfanin ya bashi garantin tera 600 na rubutu ko shekara 5, kai dai zaka gaji ka canja kwamfutar kafin nan.

Abu ɗaya da ba ka tambaya ba amma dole in faɗa, wuta. Yadda ake ɗaukewa ana kawowa, ga sauyi zuwa janareta, shi yake kashe ma'ajiya a wajenmu fiye da tsufa, kwamfutar tebur kuma ba batir gare ta ba kamar laftof, ana ɗaukewa ɗif take mutuwa ko tana tsakiyar rubutu. Ka nemi UPS ko ƙarami ne wanda zai baka minti biyar ka kashe ta da hannunka. Ka ɗaure had-dis da sukuru huɗu a inda iskar fankar gaba take bugunsa, kar ka barshi yana lilo a cikin akwati, lokacin hunturu kuma ka rinƙa buɗewa kana hure ƙura. Aikin mutane kuwa kar ya zauna a wuri ɗaya, kar ka goge katin kyamara sai ka tabbatar kwafi biyu gare ka.

Af, idan daga baya ka sayi wanda ya wuce tera 2 ka yi masa fomatin a sabon tsarin GPT, idan ka barshi a tsohon tsarin MBR tera 2 kaɗai zaka gani ka zaci an cuce ka. Turo mana lambar madabod ɗin naka in duba maka ko ramin M.2 ɗin yana karɓar NVMe kafin ka tafi kasuwa.